Sanarwa: Kundin wuraren hangen birane daga sama

Assalamu alaikum ƴan uwa matafiya, barkanmu da warhaka.

Kwanan nan hotunan birane daga sama sun yawaita a rukunin nan, amma suna nutsewa cikin hira, mai nema ya rasa su. Don haka za mu tattara su a kundi guda domin amfanin duk mai shirin tafiya.

Kowa ya turo wuri ɗaya da ya fi burge shi, daga yau zuwa daren Juma'a mai zuwa. A haɗa da hoton da mutum ya ɗauka da kansa, sunan wurin da birnin, yadda ake hawa, da lokacin da ya fi kyau. Wannan na ƙarshe shi na fi buƙata. Dutsen Tebur na Cape Town, misali, idan iska ta yi ƙarfi akan dakatar da motar igiya mai kai mutane saman dutsen, gajimare kuma kan rufe birnin ruf. Ganuwar Salahuddin da ke Alƙahira kuwa, ranar da babu hazo har dalar Giza ake hangowa. Wanda ya hau hasumiyar Galata ta Istanbul, wadda aka gina a 1348, don Allah ya faɗa mana yaya layin shiga yake.

A kuma ambata ko dattawa da masu ƙananan yara za su iya hawan, kada wani ya sha wahala a banza. Hoton da ke nuna fuskar wani, sai da izininsa.

Na gode ƙwarai. Allah ya kai mu ya dawo da mu lafiya.

Naku,
Mai kula da rukuni