Matuƙan jirgin soja ma suna da iyali

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina sauraron shirinku na Hausa, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke tuna hatsarin ranar 6 ga Agusta, 2025. A ranar ce jirgin soja mai saukar ungulu ƙirar Z-9 ya tashi daga Akra, babban birnin Gana, zai je Obuasi, wajen taron ƙaddamar da shirin gyara harkar haƙar zinariya don rage ɓarnar galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya faɗi a dajin Adansi Akrofuom da mutum 8 a ciki. A Zango kowa ya san sunan ministan muhalli Dakta Ibrahim Murtala Muhammed da Alhaji Muniru Limuna, da suka rasu a ciki, kuma hakan daidai ne, namu ne, Allah ya jiƙansu da rahama. Ministan tsaro Dakta Omane Boamah ma ba a manta da shi ba. Amma a tsayar da mutane a ƙofar masallaci a Nima, a tambaye su wa ke riƙe da jirgin, da wuya a samu mai amsawa. Peter Bafemi Anala ne matuƙin, Twum-Ampadu mataimakinsa, sai Sajan Ernest Addo Mensah. Gwamnati ta ƙara musu girma bayan rasuwa, aka yi jana'izar ƙasa a dandalin Black Star ranar 15 ga watan, Shugaba Mahama kuma ya kafa asusun tallafa wa 'ya'yan mamatan. To daga nan fa? Sunayensu suka fita daga bakinmu.

Abin ya taɓa ni ne don marigayi mijin yayata matuƙin jirgin sojan sama ne har ya yi ritaya. Mu yaran unguwa kakinsa muke kallo, ita kuwa Yaya abin da take gani daban. Jakarsa kullum a ɗaure take a bayan ƙofa, da tawul da carbi da ƙaramin Alƙur'ani a ciki, don ana iya kiransa tsakar dare. Ranar da zai tashi ba ta barin kowa ya yi masa maganar kuɗi ko rigimar yara. Ta ce kada mutum ya hau sama da ɓacin rai. Idan magariba ta yi bai dawo ba, sai ta kasa cin abinci, ta zauna kusa da rediyo tana jan carbi. Lokacin rani, in hazon hunturu ya rufe sama, ko barci ba ta yi.

'Ya'yansu sun yi makaranta a Takoradi, sun yi a Tamale, suka ƙarasa a barikin Burma Camp, duk inda aiki ya jefa uban. Babbar 'yarsu har yau Fantanci ya fi zama mata a baki fiye da Hausa. A zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da Gana ta tura sojoji Laberiya a 1990, an yi sallar layya babu maigida, maƙwabci ne ya yanka musu rago. Shi kansa mutum ne marar yawan magana. Bai taɓa yi mana kurin jarumta ba. Abin da yake yawan faɗa shi ne, makanikin da ya duba injin kafin asuba ya fi shi cancantar a gode masa, domin ransa a hannun wannan bawan Allah yake. Bayan rasuwarsa Yaya ta nuna mini littafin da yake rubuta sa'o'in tashinsa, shafi bayan shafi da rubutunsa siriri: rana, jirgi, inda ya tashi, inda ya sauka. Jikokinsa ba su ma san littafin yana gidan ba.

An kafa rundunar sojin sama ta Gana tun 1959. Daga cikinta aka samu Melody Danquah, wadda ta shiga sahun matan Afirka na farko da suka tuƙa jirgi, kuma Jerry Rawlings ma matuƙinta ne kafin mulki ya ɗauke shi. Waɗannan tarihi ya riƙe su. Sauran fa, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna jigilar sojoji da marasa lafiya da kayan agaji, suka koma gida shiru? Labarinsu yana hannun matansu, kuma matan suna tsufa.

Roƙona shi ne ku ware lokaci a shirinku, ko sau ɗaya a wata, ku aika wakili Nima da Mamobi, har Aboabo a Kumasi, ya zauna da matan tsofaffin sojojin sama da 'ya'yansu, su ba da labari da bakinsu. Kuma duk ranar da za ku ambaci hatsarin Adansi, don Allah ku karanta sunaye takwas ɗin duka. Na yi wa Yaya maganar, ta ce in dai wakilinku ya zo bayan la'asar, za ta buɗe masa littafin.

Naku mai sauraro,
daga Nima, Akra