Wasiƙa zuwa ga Babangida a kan gawon gonar gado

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mu nan Daura kowa lafiya, sai godiyar Allah. Ƙanenka ya isar mini da saƙonka cewa wani mai sana'ar gawayi ya taya itatuwan gawon nan goma sha ɗaya na gonar gado, kuma kana ganin kuɗin za su rufa maka asiri wajen biyan hayar shagonka a Kano. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in buga waya, domin takarda za ka iya komawa kanta idan hankalinka ya kwanta.

Ban amince a sare su ba, kuma ina so ka san dalili daga bakin wanda ya taɓa yin wannan kuskure da hannunsa. Lokacin da na fara noma na kaina, manomin kirki a idon jama'a shi ne wanda gonarsa take fetal, babu ko tsiron sabara. Na sassabe kalgo da magarya, na ƙone kututturansu, ina alfahari da hakan. Da farin 1973 ya zo, sannan na 1984 ya biyo baya, sai iska ta riƙa kwashe ƙasar sama tana binne shuka da rairayi, har akwai shekarar da muka yi shuka sau uku kafin gero ya kama. Wurin da ya ba mu ɗan abin sawa a rumbu shi ne ƙarƙashin gawon nan, waɗanda suka tsira saboda marigayi kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa, ya hana kowa kai musu gatari.

Ka tashi a makaranta, don haka wataƙila ba ka lura da halin gawo ba. Shi ne icen da yake zubar da ganyensa idan damina ta faɗi, lokacin da sauran itatuwa suke yin kore, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki a daidai lokacin da shuka take bukata. Da rani sai ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Mai gawayi zai ƙone wannan duka cikin 'yan kwanaki, alhali kafin wani ya kai girmansu sai 'ya'yanka sun yi furfura.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu farkawa. Tun wajen 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara nuna wa manoman yankin Maraɗi cewa kututturan da ke gonakinsu da ransu, abin da suke bukata kawai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Wannan ne suke kira sassaben zamani, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Duk wanda ya ƙetara iyaka a Kwangwalam ya nufi Matamaye ko Magarya zai ga gawo birjik a cikin gonaki. Ba a kawo irin dashe daga ko'ina ba, haƙuri aka yi da abin da yake cikin ƙasa.

Sai dai ba itatuwa kaɗai suka hana ni barci ba. Da ka zo Babbar Sallah, mahaifiyarka ta lura ka rame, kana shan maganin ciwon kai kamar gyaɗa, wayarka kuma ba ta barin hannunka har tsakar dare. Ta ce abincinka ya koma taliyar leda da lemon kwalba, kuma likita ya ce jininka ya fara hawa, kai da ba ka cika shekara arba'in ba. A ganina abin da kake shirin yi wa gonar shi kake yi wa jikinka, wato ƙone amfanin shekaru masu yawa domin bukatar wata guda. Jikin nan amana ne, kamar yadda ƙasar amana ce. Ka kwanta bayan sallar isha'i gwargwadon iko, ka taka da ƙafa zuwa masallaci, ka rage gishiri da dunƙule, ka koma wa tuwon dawa da miyar kuka da zogale waɗanda suka raine ka, kuma kada ka yi wasa da abin da likita ya umarce ka. Ka ware lokaci ka zauna da 'ya'yanka ba tare da waya ba, ka kuma koma karatun da ka ajiye a wurin malaminka, ko da shafi ɗaya ne a rana.

Ka kula da ƙofar shagonka ma. Ledar ruwan da ake jefawa a kwata ita ce take toshe magudana, ruwa ya shiga gidajen mutane da damina, sauro ya samu wurin haihuwa. A nan na ga akuyar da aka yanka aka tarar da tumbinta cike da leda. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɓarnar ruwa ko a wajen alwala, ya kuma yi umarni da a dasa icen da ke hannu ko da alƙiyama tana shirin tsayuwa.

Game da kuɗin haya, na yi magana da ƙanenka. Za mu sayar da raguna biyu da buhun wake uku ranar kasuwar Mai'aduwa, a aiko maka, ka biya a hankali idan Allah ya hore. Abin da nake nema a wurinka shi ne ka zo lokacin kaka tare da jikokina, domin na ga kututturan kalgo sun yi tofo a gefen gabas, ina so in nuna musu yadda ake zaɓen wanda za a bari tun ina da ƙarfin sunkuyawa. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta kuma ba direba ƙullin kuka da daddawa ya kawo wa maiɗakinka. Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Mahaifinka