Aikin wannan makon: kwaikwayon zanen Altdorfer

Assalamu alaikum ƴan uwa. Aikinmu na wannan makon shi ne kwaikwayon hoton da na tura muku ɗazu, mai doguwar bishiya a gaba da duwatsu a nesa, zanen Albrecht Altdorfer, mai zane na garin Regensburg a Jamus, wanda ya rasu a 1538. Wajen shekarar 1520 ya fitar da zane-zanen daji da duwatsu zalla, ba mutum ba dabba, abin da ba a saba gani ba a Turai a lokacin. Masu kauce wa zanen mai rai, hankalinku ya kwanta.

Shi a kan farantin ƙarfe ya yi. Ana shafe farantin da kakin zuma, a karce zanen da allura, ruwan asid ya ci wuraren da aka karce, sannan a cusa tawada a buga a takarda. Mu biro baƙi da farar takarda sun ishe mu. Don Allah kada kowa ya taɓa asid.

Ku fara da fensir, sama-sama. Sai ku tsaya kan dogon bishiyar nan ta gaba, ku duba yadda rassanta suka rataya ƙasa kamar gezar doki. Nan za ku danna biro, layuka su yi kauri. Duwatsun nesa kuwa siraran layuka kaɗan, ku bar farin takarda ya zama sararin sama. Inuwa duk da layi ake yin ta, a jera su kusa da juna, banda gogewa da yatsa.

Ku turo naku ranar Asabar, ko bai ƙarasa ba. Allah ya ba da sa'a.