Godiya ga ma'aikatan asibitin da suka yi jinyar maigidana a Garwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shirin wasiƙun masu sauraro. Kwanan nan na fita takaba, kuma tun ina cikinta nake ƙudurin wannan rubutu, domin akwai mutanen da nake son godiyata ta kai kunnensu, ba ni kuwa da hanya sai ta bakinku.

Maigidana tela ne a babbar kasuwar Garwa. Da ciwon kai abin ya fara, irin mai tashinsa da asuba har da amai, muka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Daga baya sai ya auna mutum ya manta awon, almakashi ya riƙa suɓuce masa daga hannun dama. Ranar da ya faɗi yana jijjiga, wasu dangi suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Sai da aka ɗauki hoton kansa da sikana aka ga ƙari a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, likita ya ce ciwon daji ne, kuma ɓangaren hagu shi ke riƙe da hannun dama da magana, shi ya sa duka biyun suke guduwa tare.

Godiyata ta farko ga wannan likita ce. Ya zaunar da ni da yayan maigida, ya ajiye Faransanci ya koma Fulatanci don kada kalma ɗaya ta wuce mu. Ya ce aikin tiyatar kai da gashin da ake yi wa masu ciwon daji da na'ura sai an gangara kudu, Yawunde ko Duwala: mota zuwa Ngaundere, sannan a kwana a jirgin ƙasa, da mutumin da ko zama ba ya iya daɗewa. Ya ce hoton ya yi kama da nau'in da ya fi saurin yaɗuwa, wanda suke kira giliyobilastoma, wanda ko a Turai, bayan an yi aiki an yi gashi an sha magani, yawancin masu shi shekara ɗaya da 'yan watanni suke yi. Bai hana mu tafiya ba, bai kuma tura mu ba. A lokacin maigida yana gane magana, ya girgiza kai, ya ce a bar wa yara gidan, kada a sayar. Har yau akwai dangin da ke ganin mun yi saurin sallamawa. Ni dai na san gidajen da aka sayar da fili da shanu aka bi hanya, aka dawo da gawa da bashi, saboda ba a samu wanda zai faɗa musu gaskiya ba.

Na yi zaton tunda an ce ba warkewa, za a daina waiwayarmu. Ashe a nan aikin ma'aikatan jinya ya fara. Suna ba shi maganin da ke rage kumburin ƙwaƙwalwa da na hana jijjiga, da ciwo ya tsananta suka nemo mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, suna ba shi a kan lokaci ba sai ya fara nishi ba. Suka koya mini juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi, da yadda zan ɗaga kansa kafin in ba shi kunu don kada ya ƙware. Ga zafin Garwa na watan Afrilu, wanda ya wuce maki 40 ba labari ba ne.

Akwai wata mai aikin dare, Kirista ce 'yar kudu, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ko bayan bakinsa ya rufe, ba ta taɓa kai hannu jikinsa ba sai ta ce, "Baba, sannu, zan taɓa ka." In za a gyara masa jiki ta ja labule, ta fitar da kowa sai ni. Da ya daina haɗiya, ita ta nuna mini yadda ake jiƙa auduga a goga masa a leɓe. A kwanakinsa na ƙarshe ta tambaye ni ina gabas take, ta kira wani saurayi mai shara suka karkata gadon ya fuskanci alƙibla, babu wanda ya roƙe ta. Ita ce kuma ta ce mini in kira yayansa a daren, kada in jira safiya. Ya zo ya laƙana masa kalmar shahada.

Na san abin da ake faɗa a kan asibitocinmu, layi da tsadar magani da tsawa, kuma ba ƙarya ba ne. Amma waɗannan bayin Allah mutum biyu ne ke riƙe da ɗaki cike da marasa lafiya har gari ya waye, kuma ko sisi ba su karɓa daga hannuna ba. Ban ambaci suna ba don ban nemi izininsu ba. In sun ji za su gane kansu.

Malam Edita, in da hali a karanta wasiƙar nan a shirin dare, domin masu aikin dare suna kunna rediyo a teburinsu. Allah ya saka musu da alheri, ya raya musu zuri'a, ya jiƙan maigidana da sauran mamatanmu.

Mai sauraronku a kullum,
daga unguwar Hausare, Garwa, Kamaru