A faɗa mana ma'aunin tun kafin a auna mu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ke ci ma mata masu sana'ar man gyaɗa tuwo a ƙwarya nan Maradi.

Akwai wata ƙungiya da ke shirya gasa duk shekara lokacin fuwar, wato baje kolin kaya, a kai mai da ƙuli-ƙuli da sauran kayan da ake yi a gida, alƙalai su duba su ba da maki bisa 20 kamar na lakwal, daga baya a buga ɗan littafi da sunan kowa da makinshi. Littafin nan ba abin wasa ba ne, shi wasu masu butik na Yamai ke dubawa kafin su yi komand. Mu a gidanmu tun kakarmu ake wannan sana'a, yanzu Inna ce ke riƙe da ita da ƙannena mata. Bara mun samu 17, bana 12.

Wallahi ba abin da ya canza a man nan. Gyaɗar dai ita ce, El Dakar da muke sayowa wajen Tibiri, kuma Inna ba ta yarda a zuba mata tiya ɗaya sai ta ɗauki ƙwaya ta ciza ta ji ta ce ƙaras, in ta ji laushi ko ɗan ɗaci ko da araha ake badawa ba ta saye. A zauna a tsince ruɓaɓɓu da hannu, a soya a hankali kar ta ƙone, a murje a sheƙe ɓawon, a kai inji, a dawo a yi ta tuƙi ana yayyafa ruwan zafi har man ya taso saman tunkuza, a bar shi ya kwanta a tace. Yadda aka yi bara haka aka yi bana.

Sai daga baya muka gane rabon makin aka sake. Da ɗanɗano da ƙamshi da tsabtar mai su ke da kaso mafi yawa, yanzu an kwashe da yawa an mayar kan kwalba da etiket da ranar lalacewa, har da ko kana da shafin Facebook na talla. Ba wanda ya faɗa mana sai ranar da aka jera kaya kan tebur. Abin da ya fi min ciwo, a littafin an sa makin bara kusa da na bana, ba ko layi ɗaya da ya ce ma'auni ya canza. To mai karatu me zai ɗauka? Wata hajiya da ta jima tana ɗaukar bido-bido a wurinmu ta kira Inna tana tambaya ko mun fara gauraya man da wani abu ne. Inna ranar ko abinci ba ta ci ba.

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne. Ɗan wana da ke karatu a Faransa ya ba ni labarin masu gonakin inabi na Saint-Émilion kusa da Bordeaux, giya suke yi, ba abin shanmu ba ne kuma ba tallarta nake ba, amma rigimar irin tamu ce. Tun 1955 ake jera gidajensu daraja-daraja, ana sabuntawa kusan duk shekara 10. Jerin 2006 waɗanda aka rage ma daraja sun kai ƙara har kotu ta soke shi. A 2021 manyan gidaje biyu, Cheval Blanc da Ausone, suka janye gaba ɗaya don suna ganin an ba suna da talla da karɓar baƙi nauyi fiye da ƙasar gonar da abin da ke cikin kwalba, a 2022 Angélus ma ya bi su. Waɗannan masu kuɗi ne da lauyoyi, in sun fita ba su rasa ciniki. Macen da ke tuƙa tunkuza a Bagalam ko Mokoyo fa, wace kotu za ta je?

Ni ba na ƙin gyara. Maganar gubar nan aflatoksin da ke kama gyaɗar da ta sha danshi a ajiya gaskiya ce, tana cin hanta, in an ce a gwada kaya a labo ni ne na farko da zan sa hannu. Ranar lalacewa ma tana da amfani. Amma kwalba mai kyau da etiket mai ƙyalli kuɗi ne, sai an aika Kano ko Yamai a buga, kuma ba su bugawa kaɗan. Wanda ke da jari zai sayi man wani ya ɗura a kwalbarshi ya ci 18, wadda ta yi aikin ta koma gida da 12.

Kar mu manta garin nan da gyaɗa ya tashi. Zamanin SONARA, kamfanin sayen gyaɗa na ƙasa, daga nan ake lodi, sai farin 1973 da cutar gyaɗa da ta biyo baya suka karya noman, amma matan gida ba su ajiye sana'ar mai ba. Yanzu da ake ta maganar mu ci namu mu sha namu, su ya kamata a riƙe hannunsu.

Roƙona ga masu shirya irin wannan gasa, in za ku sake ma'auni ku sanar tun da damina, a rediyo da Hausa, ba takardar Faransanci da aka liƙa a ofis ba. A littafin ku raba makin, na ingancin mai daban na kwalliya daban, mai saye ya zaɓi abin da ya dame shi. Shekarar da aka canza ku rubuta ɓaro-ɓaro cewa makin bana ba a gwada shi da na bara. Kuma in etiket ta zama dole ku haɗa matan su yi komand ɗaya tare ya yi musu sauƙi. Sabuwar gyaɗa na shigowa kasuwa wajen watan Oktoba, lokacin mata ke fidda jarinsu su sayi ta shekara, dan Allah su san sharuɗɗan kafin nan.

Na gode.

Mai karatunku,
daga unguwar Bagalam, Maradi