Kun karanta saƙonni, kun bar maganar rigar ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Asabar ya ɓata mini rai, kuma har yanzu ban huce ba. Kun ɗauko labarin jirgin saman da ya sauka a kogin Hudson na birnin New York, kuka sa bidiyon a shafinku tun da rana, kuka ce jama'a su tofa albarkacin bakinsu. To, sun tofa. Da dare ya yi sai mai gabatarwa ya zauna yana karanto mana abin da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, har lokaci ya ƙare. Wannan ya ce haɗin kwamfuta ne. Wancan ya ce ai fim ne, shi ya taɓa gani. Wani ya ce da a wurinmu ne da kafin a kawo ɗauki kifi ya gama da kowa, mai gabatarwa ya tuntsire da dariya har sai da aka sa kiɗa. Mafi yawa kuma suka ce kwana ne bai ƙare ba, shi ke nan, shi kuma yana amsawa da haka ne, haka ne. Na kasa kunne ina jiran a ce ga yadda mutanen nan suka fita da ransu, sai na ji ana sallama.

Ni ɗan rakiyar maniyyata ne da masu Umara, shi ne abin da nake ci da shi. Duk jirgin da ya ɗauke mu zuwa Jidda ko Madina sai ya ratsa saman Bahar Maliya. A ƙarƙashin kujerar kowane alhaji akwai rigar ruwa a naɗe, kuma wallahi akasarin waɗanda nake rakawa ba su san da ita ba. Idan ma'aikaciyar jirgi ta miƙe tana nuna yadda ake sa ta, a lokacin ne wani ke neman layin gida ya ce an shiga jirgi, wata na kwance ƙullin dambun nama, wani ya lulluɓe kai da harami ya yi barci. Bayanin da Turanci ake yinsa ko da Larabci, a guje, ta lasifika mai shaƙewa. Na taɓa raka wata dattijuwa da ta laluba ƙarƙashin kujerarta ta ciro rigar, ta cusa a jakarta, a zatonta kyauta ce kamfani ya ajiye wa baƙin Allah. Da na karɓa na mayar sai ta yi fushi da ni har muka sauka. Wani bawan Allah kuma ya ja igiyar tasa don ya ga abin da za ta yi, ta kumbura masa a cinya, 'yan layinsa suna ta dariya. Ni ban yi dariya ba, don na san abin da wannan jan igiyar ya taɓa jawowa.

Waɗannan mutanen su ne masu sauraronku, Malam Edita. A sansanin alhazai rediyonku ne a kunne dare da rana. Kun same su a zaune, kuna da labarin da ya fi kowane labari dacewa da su, sai kuka ɓata damar a kan karanta shaguɓe.

Ban musa cewa kwana ne bai ƙare ba. Ni Musulmi ne, na yi imani babu ran da zai fita sai da izinin Mai shi. Amma Allah da ya tsawaita kwanan mutum 155 a ranar 15 ga Janairun 2009 ta hannun wasu bayinsa ya yi, kuma abin da suka aikata a rubuce yake, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahotonta a 2010. Jirgin kamfanin US Airways ne, ƙirar Airbus A320, ya tashi daga filin LaGuardia na New York zai tafi Charlotte. Bai kai ƙafa 3,000 a sama ba ya faɗa cikin garken dinyar Kanada, tsuntsaye masu nauyin sama da kilo uku kowanne, injinan biyu suka haɗiye su, ƙarfinsu ya tafi. Daga wannan lokacin zuwa taɓa ruwa minti uku da rabi ne. A cikinsu Kyaftin Chesley Sullenberger ya karɓi tuƙi daga hannun mataimakinsa Jeffrey Skiles, ya kunna ƙaramin injin da ke wutsiya tun kafin takardar ƙa'ida ta kawo shi wurin, wanda hakan ya sa wuta ba ta ɗauke wa na'urorin jirgin ba. Skiles kuma ya duƙufa yana ƙoƙarin tayar da injinan, alhali bai daɗe da gama horo a kan irin wannan jirgin ba. Mai kula da zirga-zirga daga ƙasa ya ba su titin LaGuardia, ya ba su na Teterboro a New Jersey, matuƙin ya auna ya ga ba za su kai ba, ga gidajen mutane cunkus a ƙarƙashinsu, ya ce kogi za su. Mutum ne mai shekara 57 a lokacin, wanda ya tuƙa jirgin yaƙi a ƙuruciyarsa, ya kuma iya tuƙa jirgin da ba shi da inji. Wanda ya rubuto muku cewa ganganci ya yi, da ya juya kawai, kun karanta nasa kun wuce ba ku ce uffan ba. Alhali an gwada juyawar a na'urar koyon tuƙi, da aka ƙara daƙiƙa 35 na tunanin da kowane ɗan Adam zai yi kafin ya yanke shawara, jirgin gwajin bai kai titi ba.

Matan nan uku masu kula da fasinjoji a cikin jirgin kuwa ko ambatonsu ba a yi ba. Donna Dent da Sheila Dail da Doreen Welsh, kowacce ta haura shekara ashirin a bakin aiki. Su ne suka riƙa daka wa fasinjoji tsawa su sunkuyar da kai su ƙanƙame jiki har jirgin ya bugi ruwa, su ne suka buɗe ƙofofin gaba suka saki kwalekwalen roba. Doreen Welsh tana baya, inda ruwa ya fara shigowa, ƙarfe ya yanke ta a ƙafa, a haka ta riƙa tura mutane gaba. A cikin saƙonnin da kuka karanta har da wanda ya kira irin waɗannan mata masu rabon shinkafa. Na ji zafin wannan ƙwarai, domin na sha ganin alhazanmu suna yi musu kallon 'yan aikin gida, a danna ƙararrawa a ce a kawo ruwa, in ta ce a ɗaura bel a harare ta. Ranar da abu ya ɓaci, muryar wannan da ake rainawa ita za a bi a fita.

Sai 'yan fito. Sanyin hunturu ake a ranar, ruwan kogin bai wuce digiri 5 ba, wanda ya daɗe a cikinsa hannu da ƙafa za su sandare ko da ya iya iyo. Jiragen fito na NY Waterway da ke ɗaukar ma'aikata tsakanin New York da New Jersey su suka juyo, na farko ya iso cikin kamar minti huɗu. Ɗaya daga cikin matuƙansu mace ce 'yar shekara 20, Brittany Catanzaro. Ga igiyar ruwa tana jan jirgin saman zuwa kudu, ga mutane tsaye a kan fukafukai ruwa ya kai musu gwiwa, dole mai jirgin fito ya riƙa bi a hankali kada ya ture su. Cikin ƙasa da rabin awa an kwashe kowa. Kyaftin ɗin sai da ya bi cikin jirgin sau biyu yana dubawa ko an bar wani, sannan ya fito. Hoton da ya fara zaga duniya ma wani fasinjan jirgin fito ne ya ɗauka da wayarsa ya sa a Twitter suna kan hanyar zuwa ɗauko mutanen. Wannan amsa ce ga masu cewa haɗin kwamfuta ne, kuma jimla biyu ta ishe ku ku faɗe ta. Fim ɗin da wancan ya gani sai 2016 aka yi shi, shekara bakwai bayan abin ya faru. Gangar jikin jirgin tana nan a gidan tarihi a Charlotte, mutane na zuwa kallo. Me ya hana mai gabatarwa ya faɗi haka? Ya bar yaran da ke sauraro sun kwanta da cewa wataƙila ƙarya ce.

Masu cewa Bature ya fi mu hankali shi ya sa suka tsira, su ma kun bar su da kuskurensu. Rahoton hukumar ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na fasinjojin ba su kalli bayanin kariya da aka yi kafin tashi ba. Kaɗan ne suka fita da rigar ruwa, cikin waɗanda suka samu ma 'yan ƙalilan ne suka iya ɗaure ta daidai. Wasu matashin kujera suka runguma, wasu haka suka fito hannu rabbana. Halinmu ɗaya da su a nan. Abin da ya rufa musu asiri shi ne jirgin ya sauka a miƙe bai tarwatse ba, an yi dace yana ɗauke da kwalekwalen roba duk da hanyarsa ba ta wajabta hakan ba, kuma taimako na kusa. A tsakiyar Bahar Maliya da tsakar dare babu jirgin fiton da zai iso cikin minti huɗu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai labarin da ya fi kusa da mu, ko sau ɗaya ba a taɓo shi ba. Ranar 23 ga Nuwamban 1996, jirgin Ethiopian Airlines ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Addis Ababa, zai bi ta Nairobi da Brazzaville ya sauka Legas ya wuce Abidjan. Akwai 'yan Najeriya a ciki. Wasu mutum uku suka yi fashinsa suka ce sai Ostireliya, matuƙin, Leul Abate, ya gaya musu man ba zai kai ba suka ƙi ji. Mai ya ƙare a kusa da tsibirin Komoros, ya yi ƙoƙarin sauka a ruwa kusa da gaɓa, 'yan fashin na kansa suna dambe da shi, fiffiken hagu ya riga taɓa ruwa, jirgin ya kakkarye. Mutum 175 ne a ciki, 125 suka rasu. Da yawa daga cikinsu buguwar ba ta kashe su ba. Sun ja igiyar rigarsu tun suna ciki, da ruwa ya cika jirgin sai rigar ta ɗaga su ta manna su da rufi, suka kasa nutsawa su bi ta ƙofa. Abu ne da ake faɗa cikin numfashi ɗaya: ka sa rigar, ka ɗaure ta a ƙugu, kada ka ja igiyar sai ka kai bakin ƙofa za ka fita. Da kun faɗi wannan kaɗai da Hausa a daren Asabar, da ban ɗauki biro ba.

Ni ina faɗa wa nawa a wurin bita, amma mutum nawa muryata za ta kai wa? A bita ana koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa, ana gargaɗi kan goro da kuɗin guzuri, maganar abin da ke ƙarƙashin kujera kuwa ba ta cikin jadawali. Da na tayar da ita a wani taro, wani babba ya ce in daina yi wa baƙin Allah mugun fata. Irin wannan tunanin kuka ƙara wa ƙarfi da kuka bar shirin ya tafi a kan haka ne, haka ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi game da raƙuma cewa ya yi a ɗaure ta sannan a yi tawakkali, kuma mai gabatarwarku ya san wannan hadisin sarai.

Ban ce ku daina karanta saƙonnin jama'a ba, ni ma ina turowa. Amma wanda aka ba makirufo alhaki ne a wuyansa ya tace, ya gyara wanda ya kauce, ya ƙi karanta wanda ya mai da mutuwa abin wasa. Shafin Facebook kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, gidan rediyo kuwa da sunanku yake magana, kuma tsohuwar da ke ƙauye in ta ji abu daga bakinku ta ɗauke shi ke nan.

Tun da na riga na fara, bari in ƙara da tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shirin. Sau biyu aka katse magana aka sa wani yana zayyana cututtukan ma'aurata da kalmomin da ba a faɗa a gaban yara, ni kuwa ina zaune da 'ya'yana mata a tsakar gida. Dole na rage murya, kafin in ƙaro an wuce wani abin. In kuɗin tallan ne ba za ku iya bari ba, ku mayar da shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Roƙona shi ne ku maimaita shirin kafin a fara jigilar alhazan bana. Muna da matuƙa da ma'aikatan jirgi Hausawa a Kano da Kaduna da Abuja, maza da mata, ku gayyato ɗaya ya zo da rigar a hannunsa, ya yi bayani dalla-dalla: inda take, yadda ake zura ta, lokacin da ake jan igiya, yadda ake ƙirga layin kujeru zuwa ƙofa mafi kusa, da dalilin da ya sa ake barin jaka a fita. Ku ɗauki bidiyonsa ku sa a shafin nan da kuka sa na Hudson. In kun sa rana ku sanar da wuri, zan tara maniyyatana mu saurara tare.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Gusau