Kafin mu bar nama, mu fara neman gafarar juna

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da wani abu da ya tsaya min a rai tun da muka shiga azumin kwana arba'in ɗin nan.

Ɗiyata tana karatun likita a Tbilisi ta ƙasar Jojiya, inda yawancin mutane Kiristoci ne 'yan Otodoks. Wata Lahadi da daddare ta turo min bidiyo a WhatsApp wai Mama ki kalli wannan. Na buɗe, sai ga wani fada mai farin gemu ya durƙusa gaban jama'a har goshinsa ya taɓa ƙasa yana cewa ku gafarta min, daga nan kowa ya bi layi, wannan ya sunkuya wa wancan ya ce ka gafarta min, a amsa masa da Allah ya gafarta, ni ma ka gafarta min. Akwai wata tsohuwa da baƙin ɗankwali ta riƙe kafaɗar wani saurayi tana kuka, sau uku na maido da wajen. Su ba su da Larabar Toka irin ta Katolika da Angalika, azuminsu ran Litinin yake farawa, kuma yammacin Lahadin da ke gabansa shi ne wannan, Lahadin Gafara. Nama tun mako guda kafin nan suke ajiye shi, sai an yi wannan tukuna a ajiye ƙwai da madara har zuwa Ista.

Tana ce min kuma cikin azumin suna yawan maimaita addu'ar wani waliyyi Ifraimu na Siriya wanda ya rasu tun 373, ƙarshenta roƙo ne cewa Ubangiji ya ba mutum ya ga laifin kansa kada ya hukunta ɗan'uwansa. Gaskiya wannan ya soke ni.

Kada wani ya ce ina cewa sun fi mu tsarki fa, su ma sun san ɗacin rabuwa. A 1054 wakilin Fafaroma ya shiga babbar majami'ar Hagiya Sofiya a birnin da yau ake kira Istanbul ya ajiye takardar korar shugaban 'yan Otodoks daga coci a kan bagadi, su ma suka rama, abin ya zauna haka har 1965 da Fafaroma Bulus na shida da shugabansu Atenagoras suka soke korar, bayan sun rungumi juna a Urushalima a 1964. Shekara 911 ke nan jama'a! Kuma har yau Katolika da Otodoks ba sa cin Jibin Ubangiji tare. Ko a tsakaninsu ma, a 2018 cocin Rasha ya yanke zumunci da na Istanbul kan maganar Yukren. Ranar Ista kanta ba ta cika zuwa ɗaya ba saboda kalandar da suke lissafi da ita daban ce, a 2024 mu mun yi 31 ga Maris su sai 5 ga Mayu, amma a 2025 ta faɗo mana duka ran 20 ga Afrilu, shekarar da taron Nisiya na 325 ya cika shekara 1700, taron da aka fara tsara shaidar bangaskiyar da mu da su muke furtawa. Duk da haka dai ba su daina durƙusa wa juna kowace shekara ba, shi ne abin da ya kama ni.

To mu fa a Jos? Hedikwatar cocin COCIN na nan, ta cocin ECWA na nan, CAN, wato ƙungiyar Kiristocin Najeriya, tun 1976 take, takenta ma daga Yohanna 17:21 aka ɗauko shi, domin su zama ɗaya. Amma sai an kai hari an kashe mana mutane a ƙauye kake ganin mun haɗu wuri guda, ana gama jana'iza kowa ya koma yana cewa ai waɗancan ba su da Ruhu, waɗancan kuwa gumaka suke bauta wa.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Shekara shida da suka wuce rigima ta tashi a cocinmu kan canjin fasto da kuɗin gini, ikilisiya ta tsage biyu, Yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya bi ɗayan ɓangaren. Tun lokacin in mun haɗu a Terminus sai dai sannu sannu kamar baƙi, matarsa da muka yi shekaru muna rera waƙa tare a zumuntar mata ko bikin 'yarta ban je ba. Kuma duk shekarun nan ina azumi, ina kai baiko, ina karanta Matiyu 5 inda Yesu ya ce ka bar baikonka gaban bagadi ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna, ina wucewa kamar da wasu ake.

Roƙona ga fastocinmu da fadoci da dattawan ikilisiya, ku gwada mana wannan ko sau ɗaya kafin Ista, ba sai an kira babban taro da kanofi da manyan baƙi ba, a cikin coci kawai bayan sujada, kuma shugaba ya fara durƙusawa.

Ni dai jiya na shiga mota zuwa Bukuru. Yaya ba ya gida, matarsa ce ta buɗe ƙofa, ta tsaya tana kallona da tsintsiya a hannu, na durƙusa na ce Anti ki gafarta min. Ba ta ce komai ba tukuna, ta dai kawo min ruwa ta ce in dawo ran Asabar yana nan.

Taku,
wata uwa daga Tudun Wada, Jos